Ba a Shiga Sai An Kira

Sana'ata buhu ce. Ban taɓa sayar da abin da ke cikin buhu ba, buhun kansa nake saye in sayar. In masu gidan burodi sun juye fulawa, in masu sito sun zazzage shinkafa ko masara, ni nake bi in kwashe buhunan in kai su rumfata da ke bakin babban gwatan da ya raba unguwar Nima da ta Maamobi. A nan ake kakkaɓe su, a ware na fulawa daban, na rama daban, a yi wa masu huji faci, a ɗaure su dami-dami. Masu albasa su saya, masu gawayi su saya, matan da ke ɗinka zanen gado da buhun fulawa su ma su saya. Da ƙafa na fara, kaya a kai, gida-gida. Tun da na sauka a Accra ban taɓa yi wa wani aiki ba, ko na yini ɗaya. Na faɗi wannan ne don shi ya jawo kuskuren da na yi.

A gidan hayar da nake zaune a shekarun tamanin akwai wani ɗan garinmu da ya girme ni da kusan shekara goma. Ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Yaya nake ce masa. Matarsa tana sayar da koko da ƙosai a bakin layi, suna da 'ya'ya mata uku. Shi kuma yana aiki a wani babban sito a bayan shataletalen Circle, inda ake cika buhunan masara da suga. Aikinsa ɗinke bakin buhu da basilla. Shekara goma sha tara yana yi, amma ba su taɓa ɗaukar sa aiki na dindindin ba. Baide yake yi, wato ka yi aikin yini a sallame ka da yamma, gobe kuma sai yadda ta yiwu. Iyakar abin da na sani ke nan. Ina ganin sa ya fita bayan asuba da basillarsa soke a jikin hula, ina ganin sa ya dawo da ƙura a gira. Ban taɓa tambayarsa yadda safiyarsa take ba.

Sai kamfanin ya kawo wani ɗan inji da ake riƙewa a hannu, a ja shi a bakin buhu, ya ɗinke kafin ka ƙifta ido. Mutum ɗaya ya ishi aikin mutum shida. Yaya ya ci gaba da fita kamar wata biyu, amma kafin hantsi ya dawo. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya.

Ciwon bai zo da ihu ko jifa ba. Shiru ya zo da shi. Mutumin da ke fara gaishe da kowa a tsakar gida ya koma zaman bakin gado, yana kallon bango. Abinci sai matarsa ta zauna a kansa. Wanka sai an yi faɗa. Masallaci yana bayan gidanmu, amma ya daina zuwa. In ka leƙa, za ka ga hannunsa na dama yana motsi a kan cinya, yana soka yana ja, babu buhu babu zare. Matarsa ta ce mini da zarar gari ya fara wayewa sai zufa ta karyo masa, ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa za ta fito.

Ta yi abin da kowa ke yi. Ta karɓo rubutu, ta karɓo hayaƙi. Wani ya ce iska ce ta shafe shi a hanyar sito, wani ya ce abokin aiki ne ya yi masa sammu. Ni na ce mata, "Mma, babu wanda ya yi masa komai. Inji aka kawo." Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don a ganina maganar a fili take: mutum ya rasa aiki, a ba shi aiki ya warke. Rabin gaskiya na riƙe, ina tsammanin duka ce.

Mu 'yan garinmu muna da taro kowane farkon wata a zauren sarkinmu, dattijon da muka naɗa ya riƙe mu a nan zango. Kuma muna da al'ada. In kan mutum ya taɓu, sai a sa shi a mota a mai da shi gida. Ba mugunta ba ce. Dukanmu mun ga waɗanda ke yawo a Circle ba riga, suna tsince-tsince a bola, kuma babu mai son a nuna ɗaya a ce ɗan garin su wane ne. To amma Yaya ya bar gida tun bai fara aske gemu ba. Uwa ta rasu, uba ya rasu, gonar an rabe. Abin da ke jiran sa a can shi ne gidan wani mai magani da muka san yana sa mutane a mari. Matarsa kuwa haifaffiyar Nima ce, ba ta ma jin yaren garinmu. In ya hau motar nan, ita da 'ya'yanta sun gama ganin sa.

A taron watan aka yanke magana. Akwai wani ɗan garinmu direba, mai babbar motar da ke zuwa Bawku, can arewa wajen garinmu, ɗauko albasa. Zai tashi nan da mako uku. Aka ce a ajiye wa Yaya wuri a gaba.

Da na dawo na shiga ɗakinsa na zauna a ƙasa. Na ce, "Yaya, buhuna sun taru mini, babu mai faci. Gobe ka zo rumfa, akwai aiki." Bai dube ni ba. Can ya ce, "To."

Washegari ina buɗe rumfa sai na hango shi. Ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa, basilla a hula. Amma bai ƙaraso ba. Akwai katako da muka gitta a kan gwatan muna tsallakawa, shi kuwa sai ya tsaya a hayin can, kusa da sandar lantarki, hannuwa a baya, yana fuskantar rumfata. Na ɗaga masa hannu, ya gyaɗa kai. Na ce a raina, kunya yake ji, bari in ƙyale shi ya shigo da kansa. Akwai mata biyu da ke kakkaɓe mini buhu, ban so in yi ta kiran dattijo a gabansu kamar ina kiran ɗan aike. Na shiga ciniki. Da na sake ɗaga kai, rediyon mai shayi na fara labaran ƙarfe takwas, na ga ya juya yana tafiya gida.

Haka ya yi washegari, haka ya yi jibi. Kwana shida. Ya zo kafin bakwai, ya tsaya wuri ɗaya kamar an dasa shi, ba ya zama, ba ya magana da kowa, takwas na yi ya juya. Mutane suka fara tsayawa suna kallon sa. Magana ta kai zauren sarki cewa abin ya yi gaba, yanzu fita yake ya tsaya a bakin gwata yana kallon abin da babu mai gani. Ni kaina na fara karaya. Na ce wa matata, "Na ba shi aiki, ya zo har ƙofa ya kasa shiga. Wataƙila dattawan nan sun fi ni gani."

Akwai wani mai amalanke da ke kai mini kaya tasha, mutum mai faɗin ƙirji da baki, sa'ana ne. Kullum muna tsokanar juna. A rana ta shida yana ɗaure dami a kan amalankensa, ya dubi hayin gwata, ya dube ni, ya ce, "Mai buhu, ashe kai mugu ne? Da rowa kawai na san ka."

Na ce, "Me na yi maka da safen nan?"

"Ni? Ni ba ka isa ba. Wancan tsohon. In ba ka da aiki ka gaya masa mana, ya zauna gida ya huta."

"Ni na ce ya zo. Ga buhu nan jibge. Shi ya ƙi shiga."

Ya saki igiyar da ke hannunsa. "Ka kira shi?"

"Na gaya masa tun a gida."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Yau da safe, ka buɗe bakin nan naka ka kira shi?"

Na ce a'a. Ya riƙe kai da hannu biyu, ya yi salati, sannan ya fashe da dariyar takaici. "Wallahi an ga wanda bai taɓa yin baide ba. Kai tun da uwarka ta haife ka kake helima a kan kanka. Zauna in karantar da kai, jahili."

Shi ma ya yi shekaru a ƙofar sito kafin ya sayi amalanke. Ya ce a can ba a matsawa kusa da ƙofa. A hayin titi ake tsayawa, a jere. Helima, wato shugaban leburori, ya fito ya dudduba, ya nuna wanda ya ga dama, ya kira. Wanda aka kira ya tsallaka. In ka kuskura ka tsallaka ba a kira ka ba, ko da jiya ya ce maka gobe akwai aiki, to ka zama mai rawar kai, sai ka yi mako ba a dube ka ba. Kuma ba a zama, don wanda ya zauna malalaci ne. Takwas na yi a rufe ƙofa, wanda ya rage ya san yau babu.

"Kwana shida," in ji shi, "mutumin nan yana zuwa aiki, kai kana korar sa. Har da ɗaga masa hannu, kai ga mai kirki."

Na tuna yadda Yaya ke gyaɗa mini kai, na ji kamar in nutse cikin buhunan.

Da gari ya waye na riga shi zuwa. Yana tsayawa a gindin sandar na fito bakin katako na ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Mai basilla! Shigo!" Ya tsallako da sauri, kai a sunkuye, bai gaishe ni ba, ya nemi inda buhu yake ya zauna. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Yana shafa buhu sau ɗaya ya san inda ya raunana. Abin da nake tsammanin aikin kwana uku ne ya gama kafin la'asar. Da rana ya ci dokunu, tuwon masarar nan na Ghana, da kifi har ya suɗe hannu. Matan suka yi ta kallon juna.

Na koma gida ina jin na gama magani. Washegari ya sake tsayawa a hayi, na sake kira. Haka muka yi kwana huɗu. A na biyar aka aiko mini cewa wani gidan burodi a unguwar Madina zai fitar da buhuna, in ban yi sammako ba wani zai riga ni. Na ba ɗaya daga matan mabuɗi na tafi, ban tuna da komai ba. Matan sun gan shi, amma suka ce su wane ne da za su kira namiji dattijo aiki. Ya tsaya har takwas. Ya koma gida ya kwanta, ya juya wa ƙofa baya, kwana biyu ko ruwa sai da lallashi.

A rana ta uku na zauna a bakin gadonsa na ba shi haƙuri. Wannan karon ya yi magana, a hankali, yana kallon hannunsa.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Ni ne na lalace. Ka san shekara goma sha tara ban taɓa idar da sallar asuba hankalina a kwance ba? Ina sujada ina tunanin ko yau za a kira ni. Ranar da aka kira ni ma, kafin in wanke hannu na fara tunanin gobe. Da ina da ƙarfi ina dannewa. Yanzu da na ji gari ya fara haske sai ƙirjina ya kama bugawa, ko ina da wurin zuwa ko babu."

A nan na gane cewa tun kafin a kawo injin ciwon yake cin sa. Kuma ni da nake kiran sa kowace safiya, sabon helima kawai na zama masa, mai sakin fuska. Muddin sai wani ya buɗe baki kafin ya san yana da aiki, to yana nan a hayin titi.

Na ciro mabuɗin rumfa na ajiye a cinyarsa. Na ce, "Daga gobe kai ke buɗewa."

Ya ture shi. "In na ɓatar fa? Ka ga yadda kaina yake."

"In ka ɓatar mu fasa kwaɗon."

"In na kasa tashi fa?"

"Sai mu tsaya a waje, ni da matan nan da masu saye, mu jira ka. Ba ni da wani mabuɗin." Ina da wani, yana cikin akwatin matata, amma ban taɓa fito da shi ba.

Ban ce mabuɗi ya warkar da shi ba. A makon nan ne wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Maamobi, wadda uwarta ke sayen buhun fulawa a wurina, ta ji labarin, ta ce mu kai shi asibitin masu ciwon kai a cikin gari. Matarsa ta ƙi da farko. Ta ce in aka ji ya taka wurin nan, wa zai auri 'ya'yanta? Na ce mata in aka ji yana cikin mari a arewa fa? Mu uku muka hau trotro, motar haya. Ba su riƙe shi ba. Wani likita ya zaunar da shi ya yi ta tambayarsa, ya ce ciwo ne sananne, ba shi kaɗai ba ne, leburori da yawa da aka sallama suna zuwa da irinsa. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa dawowa. Yaya ya haɗa da rubutunsa yana sha, babu wanda ya hana shi.

Ranar farko da mabuɗi sai bakwai da rabi ya iso, muna tsaye mu huɗu. Mai amalanke ya ce, "Helima, ka makara! Yau za ka ɗauke mu ko mu koma gida?" Na zabura zan tsawata masa, sai na ga gefen bakin Yaya ya motsa. Ya buɗe kwaɗo ya ce, "Ku shigo. Ban da mai surutun nan." Akwai safiyar da ya buɗe, ya zauna, bai taɓa ko buhu ɗaya ba har azahar. Na bar shi. Wanda ya buɗe rumfa ya yi aikin ranar.

Saura kwana biyu motar ta tashi sarki ya aiko a kira ni. Dattawa biyar ne a zauren. Na faɗi duk abin da ya faru, har da wautata. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mun ji. Amma ciwon nan yana lafawa ya dawo. In ya ɓace a garin nan, wa zai amsa?" Na ce ni. Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, yau kana Madina gobe kana Tema." Gaskiya ya faɗa.

Ban san Yaya ya biyo ni ba sai da na ji sallamarsa. Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo in ce na warke ba. Ban warke ba. Amma ina shan magani, kuma ni ke buɗe wa yaron nan rumfa. A can gida ban san wanda zan buɗe wa komai ba. Ina roƙo a bar ni kusa da 'ya'yana."

Sarki ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ba zai warware maganar taro shi kaɗai ba, amma kuma ba za a ɗauki mutum da ƙarfi yana magana irin wannan ba. Wurin zamansa a mota yana nan har ranar tafiya. In safiyar ta yi, Yaya ya je tasha da ƙafarsa ya gaya wa direba abin da ya zaɓa, dattijo ɗaya zai je ya zama shaida.

Dama ina da buhunan albasa da zan aika Bawku a motar nan. Da safen Yaya ya buɗe rumfa, muka loda wa mai amalanke, muka bi shi a baya har tasha. Ina satar kallon sa a hanya. Zufa ta jiƙa masa wuya, yana dafe ƙirji lokaci-lokaci, amma bai tsaya ba. Matarsa ta bar tukunyar koko a hannun babbar 'yarta ta biyo mu daga nesa.

Direban bai san shi da fuska ba. Ya gaishe da dattijon da aka aiko, ya dube mu ya ce, "Ina marar lafiyar? Na share masa gaba, na ma nemo igiya ko da zai yi gardama a hanya."

Yaya ya ce, "Ni ne."

Direba ya dube shi, ya dubi igiyar da ke hannunsa.

"Ba zan je ba," in ji Yaya. "Kawo igiyar." Ya karɓa, ya juya wurin amalanke, ya ja dami ɗaya ya duba ɗaurin, ya girgiza kai. "Wa ya yi wannan ƙulli? Kafin Kumasi ya kwance."

Mai amalanke ya ce, "Mai buhu ne, helima. Na gaya masa bai iya ba."

Dattijon ya sa hularsa daidai, ya ce shi zai koma ya shaida wa sarki. Matar Yaya ta zauna a kan wani buhun gawayi ta rufe fuska da gyale. Mu kuma muka tsaya muna miƙa masa dami, yana sake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, har direba ya fara danna oda.